Fita da yara daji don koyon dabarun tsira: tambayoyin da iyaye suka fi yi mana a Garwa

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, iyaye kan tare mu da tambayoyi a masallaci, a kasuwa, wasu kuma ta waya. Kusan tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa muka tattara su a nan tare da amsoshinmu. Mun rubuta ne da yaran Garwa, a arewacin Kamaru, da kewayenta a zuciya, amma mutanen Marwa da Ngaundere da Njamena za su ga yawancin bayanin ya shafe su.

Malam, takamaimai me kuke koya wa yaran?

Yadda yaro zai kai gobe da ransa idan ya tsinci kansa a daji shi kaɗai, ko tare da ƙaninsa, babu babba kusa. Wato abin da zai yi idan ya ɓata, yadda zai samu ruwa ya gyara shi, yadda zai kare kansa daga rana, da taimakon farko idan maciji ya sari wani. Hura wuta da ɗaurin igiya da sanin 'ya'yan itatuwa suna nan, amma a baya suke. Yaran sun fi ɗokin wuta da wuƙa, mun sani. Sai dai a dajinmu ba yunwa ke kashe wanda ya ɓata ba, ƙishirwa ce da zafi da kiɗima. Don haka mafi yawan lokacinmu a kan waɗannan ukun yake tafiya.

Ɗana a unguwar Hausari, cikin garin Garwa, aka haife shi, daga gida sai makaranta. Me zai kai shi daji?

Alhaji, motar da ta lalace tsakanin Ngong da Mbe a kan hanyar Ngaundere ta isa ta kai shi. Haka zuwa ƙauye hutu wurin kaka, ko bin abokai harbin tsuntsu da danƙo a gindin duwatsun Tingilin, ko rakiyar kawu gonar auduga. Ɗan makiyayi mai shekara 10 ya san inda ake tona ruwa a busasshen rafi, ya san sawun kura daga na kare. Namu na cikin gari, ko da ya fi shi karatu, bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya nuna masa.

Daga shekara nawa kuke ɗauka?

Daga 12 zuwa 15. Ƙasa da haka jikinsu bai jure tafiya a rana, sama da haka kuma sun fara jin sun san komai.

Ga halin tsaro da ake ciki. Ba ganganci ba ne a kwashi 'ya'yan mutane a shiga daji?

Zai zama ganganci idan ba a zaɓi wuri ba. Akwai yankunan da ba ma tunanin zuwa sam: bakin iyaka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, inda rikicin Boko Haram ya taɓa tun wajen 2014, da dazuzzukan wajen Tuboro da wasu sassan Adamawa inda masu satar mutane don kuɗin fansa suka addabi makiyayi. Gandun dajin gwamnati irin su Binuwai da Faro da Buba Njida da Waza kuwa doka ma ta hana shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandu, kuma akwai zaki da giwa da ɓauna a wasunsu. Ba wurin koyo ba ne.

Abin da muke kira daji a nan bai wuce bayan gonaki ba, inda babur zai iya isa asibiti cikin rabin awa, kuma inda waya ke kamawa. Kafin a je, sai an gaida jauro ko lawanin wurin, an sanar da jandarmomi, an kuma samu mutumin ƙauyen ya shige gaba. Da ɗan gari akan ci gari. Galibi maharbi ne ko dattijon makiyayi, kuma a gaskiya shi ne malamin ranar, mu masu tsara layi ne kawai.

Akwai abu ɗaya da muke nanata wa yara, musamman masu zuwa hutu can arewa mai nisa: duk wani ƙarfe ko gwangwani ko waya da ka gani a ƙasa ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse. Ka koma ta sawunka, ka gaya wa babba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Hutun ƙarshen Disamba. Hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, rafuka sun ja baya, sauro ya ragu. Hutun ƙarshen Maris zuwa Afrilu shi ne mafi muni, domin a lokacin zafin Garwa kan haura digiri 40. Babban hutu na Yuni zuwa Agusta ya faɗa tsakiyar damina, ciyawa ta yi tsawo, macizai sun fito, rafi na iya cika cikin ɗan lokaci, don haka a lokacin darasi a tsakar gida ko filin makaranta muke yi. Da azumi ba ma fita.

To idan yaro ya ɓata, mene ne abu na farko?

Ya tsaya. Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne wuyar shiga kan yaro, domin jikinsa gaba ɗaya gudu yake ce masa. Wanda ya ɓata kuma ya ci gaba da tafiya cikin ruɗu yana ƙara nisa da masu nemansa, yana zubar da gumin da ba shi da ruwan mayarwa, kuma sau da yawa zagaye yake yi bai sani ba. Masu nema kuwa daga inda aka yi masa ganin ƙarshe suke farawa. Kowane taku da ya ƙara, ya faɗaɗa filin da za su bincika.

Don haka muke koya musu: ka nemi inuwa mafi kusa, ka duba ƙasa da rassan bishiyar kafin ka zauna, ka kurɓi ruwa, ka karanta abin da ka iya na addu'a har numfashinka ya daidaita. Sannan ka kasa kunne. A ƙasarmu da wuya ka yi nisa da mutane yadda kake zato. Akwai ƙarar injin niƙa, da sautin daka, da carar zakara, da kukan shanu, da babur, da kiran salla. Da asuba da kuma bayan magariba sauti ya fi tafiya nesa. Ka rataya riga mai haske a reshe inda za a hango. Ka busa usur sau uku, ka saurara, ka sake. Ihu yana dusar da murya cikin ɗan lokaci kuma yana busar da maƙogwaro, usur kuwa yaro zai wuni yana busawa.

Idan dole ta sa a tashi, misali ruwa ya ƙare kuma ya ji sautin gari a sarari, to da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, ba kuma da dare ba. Ya bi burtali ko hanyar ƙafa, ya riƙa jera duwatsu ko zana kibiya a ƙasa don a san inda ya nufa.

Nan kuma akwai aikin da yake na iyaye ne, mu ba za mu iya yi muku ba. Sanannen abu ne ga masu aikin ceto cewa yaron da ya ɓata yakan ji ana kiran sunansa ya yi shiru, har ya ɓuya, saboda tsoron abin da zai biyo baya. A gidajenmu kuwa mun san abin da ke biyo baya: bulala. Ku zaunar da ɗanku tun yau, ku gaya masa da bakinku cewa ranar da ya ɓata, ko da shi ya jawo, ko da an hana shi ya tafi, ba mai dukansa, ya amsa kira kawai. Kuma in ranar ta zo, Allah ya kiyaye, ku cika alkawari.

Ba kamfas, ba waya, yaya zai gane gabas da yamma?

Yaran da ke salla sun riga sun yi rabin aikin, tunda sun saba neman alƙibla. Daga Garwa alƙibla gabas take amma ta karkata arewa, kamar sulusin tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Abin da ke rikita su shi ne rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. A Yuni takan fito kusa da saitin alƙibla, a Disamba kuwa ta koma wajen kudu maso gabas.

Dabarar sanda ta fi tabbas. A kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili, a sa dutse a bakin inuwarta, a jira kamar minti 20, a sa wani dutse inda bakin inuwar ya koma. Dutsen farko yana yamma, na biyu yana gabas. In ka sa ƙafar hagu a na farko, ta dama a na biyu, arewa kake kallo. Littattafan Turai suna cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. A can haka ne. A nan, da yake muna wajen digiri 9 ne kawai sama da tsakiyar duniya, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, inuwa ta faɗi kudu. Tauraron arewa ma da suke dogaro da shi, a wurinmu ƙasa-ƙasa yake, ƙurar hunturu ko bishiyoyi sukan rufe shi. Taurarin nan uku da ke jere a sararin sama cikin dararen hunturu sun fi mana amfani: daga gabas sak suke fitowa, su faɗi yamma sak. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa.

Ruwa fa? Idan na gorarsa ya ƙare?

Da farko, kada ya fita da ƙasa da lita 2 ko don tafiyar rabin yini. Kuma kada ya yi ta ɓoyon ruwa a gora alhali jiri na ɗibarsa. Ya sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, abin da zai yi tattali shi ne gumi: inuwa, rufe kai, rage motsi. Alwala ba ta taso ba a wannan hali, addini ya ba shi taimama.

Neman ruwa a ƙasar nan yawanci tonon yashi ne. Mayo, wato rafi, da ya bushe a sama sau da yawa yana da ruwa a ƙasa, kamar yadda mutanen Marwa suka sani a Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da rani. A nemi lanƙwasar rafin ta waje, ko gindin babban dutse, ko inda ciyawa ta yi kore, ko inda dabbobi suka fara tono. A tona kamar kamu ɗaya zuwa biyu, in yashi ya fara danshi a dakata, ruwa zai tsattsafo. A kwashe na farko mai laka a zubar, a jira na biyu. Inda giginya ko ɓaure ko tsamiya suka yi layi, akwai alamar ruwa kusa. Tsuntsaye masu cin hatsi, irin kurciya, sukan nufi ruwa safe da yamma.

Samun ruwa daban, gyara shi daban. Tacewa da ɗankwali mai ninki tana cire datti da ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu. Kada a ce kurkunu tarihi ne: a 2023 mutum 14 aka samu da shi a duk duniya, 9 daga cikinsu a Cadi, ɗaya a Kamaru. Amma ƙyalle ba ya tare duk ƙwayoyin kwalara da taifot. Alif ko dakakken ƙwallon zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi garau, su ma ba sa kashe cuta, kuma nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Abin da ke kashewa uku ne: tafasawa har ruwan ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya cikakke, ƙwayar kulorin irin Aquatabs, a jefa bisa ƙa'idar da ke jikin takardar a jira minti 30, ko a cika farar gorar roba mai haske da ruwan da ya riga ya kwanta, a shimfiɗe ta a rana awa 6, in da gajimare kwana 2.

Idan babu ko ɗaya cikin ukun kuma ƙishirwa ta kai intaha, ya tace ya sha. Gudawa tana da magani a asibiti in an dawo.

Wanka a tafki ko kududdufi kuwa mun hana. Tsargiya ta fata take shiga, kuma ta yi yawa a wuraren ruwa mai kwanciya irin na Lagdo da Maga.

Yaya ake gane zafi ya yi wa yaro illa?

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗawar ƙafa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. A kai shi inuwa, a sassauta tufa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. In ya fara sambatu, ko tafiyarsa ta rikice, ko ya suma, jikinsa kuma zau, abin ya wuce nan. A jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da jiƙawa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa.

Ni dai maciji ne tsorona.

Hajiya, kina da gaskiya, kwarin Binuwai yana cikin wuraren da sarar maciji ta yi yawa a Afirka. Wadda ta fi ɓarna ita ce kububuwa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce rabin mita da 'yan kai, kalarta ta saje da ƙasa, kuma in an matsa mata takan naɗe ta goga jikinta ya ba da wani sauti shuu. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Haɗarin shi ne wanda ta sara yana iya jin sauƙi a ranar farko, a ce ai maganin gida ya yi aiki, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ko ya zuba a ciki inda ba a gani. Akwai kuma kasa mai kwanciya a hanya ba ta gudu, da kumurci, wanda wani irinsa ke tofa dafi a ido.

Rigakafin mai sauƙi ne, kiyaye shi ne wuya: takalmi rufaffe da dogon wando, ba silifa ba, fitila da dare ko fitsari za a je, kada a zura hannu a rami ko kogon itace ko suri, a juya dutse ko gungume da sanda, a kakkaɓe takalmi da safe.

In an yi sara, a janye daga wurin, a kwantar da yaron, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗora ƙafar ko hannun a kan sanda a naɗe sako-sako don kada ya motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Sai asibiti kai tsaye. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba ko igiya tamau, wannan ɗaurin ya jawo an yanke wa mutane da yawa ƙafa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin. A asibiti sukan ɗebi jini a kwalba su ajiye minti 20 su ga ko zai daskare, daga nan su san ko za a yi allurar kashe dafi. Wanda aka tofa wa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi.

Ba mu hana kowa addu'a da tofi ba. A yi su a kan babur, ana tafiya. Kuma kafin kowace fita mukan tambaya mu ji wane asibiti ne ke da allurar a lokacin, don ba kowane ke ajiye ta ba.

Sauran dabbobi fa?

Harbin kunama ga babba azaba ce kawai galibi, amma yaro in ya fara amai ko gumi ko numfashi sama-sama, a kai shi asibiti. Zuma in ta taso, a rufe fuska a ruga a miƙe, kada a tsaya kaɗe-kaɗe. Dorina tana nan a Binuwai har kusa da gari, da dare take fitowa kiwo, kuma kada a kuskura a shiga tsakaninta da ruwa. Bakin ruwa da magariba na kada ne.

Me zai ci?

Wannan bai dame mu sosai ba, lafiyayyen yaro zai yi kwanaki ba abinci muddin yana shan ruwa. Muna nuna musu abin da kakanninsu suka sani: magarya, kanya, aduwa, goruba, tsamiya, kuka, taura, ɗinya, gwandar daji, kowanne da lokacinsa. Aduwa in ta yi yawa tana sa gudawa. Dokar ita ce abin da ba ka sani ba da suna, ba ka taɓa ganin babba ya ci ba, kada ka kai baki, ko ka ga biri na ci. Mun fi ɓata lokaci a kan masu guba: 'ya'yan bini-da-zugu da na zurma, waɗanda yara ke ɗauka kamar gyaɗa, da zaƙami, da ruwan tumfafiya da na tinya masu illata ido. Laimar kwaɗi kowace iri, a'a.

Ba kwa tsoron su tayar da gobara?

Muna tsoro ƙwarai. A Disamba tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye kiwon rugage da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Shi ya sa darasin kashe wuta ke zuwa kafin na hurawa: a share fili taku uku kowane gefe har ƙasa, a tona ɗan rami, a kewaye da duwatsu, wuta ƙarama, a kashe da ƙasa har sai an iya dafa tokar da hannu. Mukan nuna musu ƙyastu da auduga don su san yadda aka yi a da, amma ashana a cikin leda da layita su ne abin dogaro.

In dare ya same shi?

Ya zaɓi tudu, nesa da suri da ramuka da bakin ruwa, ya share wurin tun da sauran haske. Kada ya kwana a cikin busasshen mayo komai laushin yashin, musamman farkon damina. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya isowa alhali sama garau take a inda yake. A ƙasan madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, kogi kan tashi idan an saki ruwa. In hadari ya taso da tsawa, ya sauka daga kan dutse, ya kauce wa bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Sanyin asubar hunturu ma ba wasa ba ne, ya tara busasshiyar ciyawa da ya kakkaɓe ya shimfiɗa tsakaninsa da ƙasa.

'Yan mata suna zuwa?

Suna zuwa, rukuninsu daban, da malamai mata, kuma a yini ake dawowa. Su ne ma suka fi zuwa itace da ɗiban ruwa a ƙauye, don haka ba mu ga dalilin barin su a baya ba.

Ɗana yana da sikila. Zai iya?

Ƙishirwa da gajiya da sanyi duk suna tayar da ciwon, don haka sai likitansa ya yarda, kuma gajeriyar fita kawai. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa saboda ƙurar hunturu. Mai farfaɗiya ba ya zuwa kusa da ruwa ko wuta shi kaɗai. Don Allah kada a ɓoye mana lalura saboda kunya.

Me zan sa masa a jaka?

Gorar ruwa, usur a rataye a wuya, hula ko rawani, ƙaramar fitila, ashana a leda, ɗankwali mai tsabta, igiya, ƙunshin gishiri da sukari, dabino ko ƙuli-ƙuli, ƙaramin madubi don haska wa masu nema, da gwangwanin da za a iya tafasa ruwa a ciki. Wuƙa sai mun ga hankalin yaro tukuna. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi babba riƙe caji. Ya haddace lambar mahaifinsa da ka, da lambobin gaggawa na Kamaru: 117 ta 'yan sanda, 113 ta jandarma, 118 ta 'yan kwana-kwana. In sabis ya yi rauni ya hau tudu ya tura saƙon rubutu, yakan wuce inda kira ya kasa.

Ba ni da halin turo shi. Zan iya koya masa da kaina?

Sosai. Dabarar sanda da inuwa a tsakar gida ake yin ta. Haɗa ruwan gishiri da sukari, uwa ta sa shi ya auna da hannunsa har ya haddace. Ɗaurin ƙafar wanda maciji ya sara, ya gwada a kan ƙaninsa da muciya da ɗankwali. In kun je ƙauye, ku haɗa shi da kawunsa mai kiwo su wuni tare, ku ce ya nuna masa inda ake tona ruwa da itatuwan da ba a taɓawa. Sannan ku kafa doka a gidan, har ku manya: ba mai fita bayan gari sai ya faɗi inda za shi, da wa zai tafi, da lokacin da za a sa ran dawowarsa. In lokacin ya wuce da awa ɗaya, a fara nema, kada a jira magariba.